Kawu Mai Walda da Masu Yi wa Rana Rumfa

Ƙofofin ƙarfe talatin da ɗaya ne a layinmu, sha tara daga ciki Kawu ne ya haɗa su. Ni na ƙirga da kaina, don ba na yarda da "ai suna da yawa". Kawu wan mahaifiyata ne, mai walda, kuma a gidansa na tashi. Ya shiga sana'ar tun yana naɗe wa maigidansa waya, ya fara da ƙafar tebur, har ya kai ga gadaje, tagogi da tankunan ruwa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin hanya: injin walda mai gurnani, guntayen ƙarfe cikin rabin duro, sai rediyo a rataye jikin ƙusa, tartsatsi duk ya ɗiɗɗige masa fuska.

A rediyon nan ya ji wani malami yana hasashen cewa in akwai wasu halittu masu hankali can cikin taurari, za a iya auna ci gabansu da yawan wutar da suke sarrafawa. Daga ranar Kawu ya samu abin hira. Duk wanda ya kawo gyaran ƙyaure sai ya tafi da darasi kyauta.

"Mataki uku ne," zai ce, yana ɗaga yatsu masu tabon ƙuna. "Na farko sun kama duk ƙarfin duniyarsu, iska, ruwa, har zafin ƙarƙashin ƙasa. Na biyu sun yi wa ranarsu rumfa, sun kewaye ta kaf, ko ɗigon haske ba ya zubewa a banza. Na uku kuwa, taurari suke kunnawa yadda kake kunna ƙwan ɗakinka."

"To mu muna na nawa?" in ji mai faci, maƙwabcinsa.

"Kai da aka ɗauke maka wuta tun safe? Zauna a bakin ƙofa tukuna."

Rumfar ranar ce ta fi cin ransa, don aikin mai walda ne. Ya ce ƙarfen duniya guda ba zai isa ba, sai dai su kwance wata duniyar ɗungurungum su narkar. In mai faci ya tsokane shi da cewa ai da suna nan da mun gan su, sai Kawu ya ce Allah ne masani, amma shi a saninsa ɗan koyo ne ke cika unguwa da hayaƙi da ƙara. Gwani in ya haɗa ƙarfe biyu, ko da farce ka bi ba za ka ji wurin haɗin ba. Wanda ya kai can, ina za ka ga alamar aikinsa?

Ana cikin haka yanar ido ta fara rufe masa gani. Na hagu ya tafi, na dama ya koma ganin inuwa-inuwa. Ya fara laluben ƙarfe da hannu kafin ya ɗora wuta, wata rana ya laluba wanda bai huce ba. Ni kuwa ba na zama da matsala a gabana. Na je asibitin ido, na karɓi kati, na samu rana. Ranar ta zo, Kawu ya ce cikinsa na ciwo. Aka sake sa wata, ya ce akwai tagar mutane da ya yi alkawari. Likita ta gaya mini gaskiya: in aka ci gaba da jinkiri, aikin na dama zai yi wuya.

Na same shi a tsakar gida, matarsa, wadda muke kira Inna, tana shafa masa magani a hannu.

"Kawu, kai da kake yabon masu motsa taurari, ɗan injin asibiti kake tsoro?"

"'Yar nan, su ai daga nesa nake yabonsu."

Inna ta ce, "Malam, ni ba mataki na uku nake nema ba. Ka dinga ganin bakin kofi, ka daina shayar da tabarmata shayi."

Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ya ce mahaifinsu ma yanar ido ce ta kama shi, aka yi masa aiki irin na da, ya shiga da ɗan gani ya fito babu. Sai ya juya wajen Inna. "Yanzu in kika gifta, ina ganin inuwarki, na san ke ce. In na ba su wannan ɗin suka ɓatar, da me zan san kin shigo?"

Inna ta ci gaba da shafa maganin a wurin da ta riga ta shafa.

Da ƙyar ya yarda mu je dubawa kawai, ba aiki ba. Likitar ba ta lallashe shi ba. Shi ne ma ya hau ta da tambayoyi, kamar mai sayen tsohon inji.

"Ranki ya daɗe, yankan zai kai ina?"

"Kamar tsawon ƙwayar shinkafa, Baba. Ta nan zan cire yanar, in saka ɗan gilashi."

"Da me za ki haɗe?"

"Yawanci ba ma ɗinki. Da kansa yake mannewa."

Ta gaya masa babu aikin da ba shi da haɗari, amma irin nasa yawanci lafiya ake tashi. A benci akwai wani dattijo da aka yi wa irin aikin kwanakin baya. Kawu ya nemi izini, ya matsa har hancinsu na neman haɗuwa, ya ƙura masa ɗan idon da ya rage.

"Wanne aka yi?"

"Kai ka faɗa," in ji dattijon.

Kawu ya daɗe yana dubawa. Sannan ya juyo wajen likita ya ce, "Ashe an fara kaiwa can ban sani ba. Sa mini rana."

Ranar aikin hannun Inna ya riƙe har ƙofar tiyata, sai da ma'aikaciyar jinya ta ce masu rakiya nan suke tsayawa. Na zauna ina ƙirga kujeru, sha huɗu ne, biyu sun karye a ƙafa. Inna na gefena tana addu'a ƙasa-ƙasa. Da aka fito da shi, ido a liƙe da auduga, cewa ya yi ya ga haske kala-kala, kamar ana walda a cikin kansa, amma ba hayaƙi, ba wari.

Washegari aka cire audugar. Ya ƙifta, hawaye ya zubo, ya sake ƙiftawa. Likita ta ɗaga yatsu tana tambayar nawa ne, bai ko kalle ta ba. Inna yake kallo, daga ɗankwali har haɓa.

"Yaushe kika yi furfura haka?"

"Tun kana can wajen mutanenka na taurari."

Ya miƙa hannun nan mai ƙuna, bai laluba ba, ya gyara mata bakin ɗankwalin da ya zame. Sai a sannan ya juya wajen likita ya ce, "Uku ne, ranki ya daɗe. Yaushe za ki yi na hagun?"