Ramin da Gwaggo ta ƙi rufewa a Kolokondé

Ladan bai sauke kiran assalatu ba muka bar unguwarmu Ladjifarani a Parakou, ni da ƙanena. Baba ne ya aike mu Kolokondé, can gaba da Djougou, mu ɗauko ƙanwarsa ko tana so ko ba ta so. Fataken goro sun kawo masa labari wai Gwaggo, tsohuwar da ta binne miji ta zauna ita kaɗai, giya take dafawa a bayan gida. Tun ranar Baba bai ƙara cin tuwon kirki ba.

Kamyo muka samu, babbar motar ɗaukar doya, zai koma wayam. Tun da aka sami 'yancin kai kuɗin mota ke hawa, hanya kuwa tana nan yadda Nasara suka bar ta, rami na miƙa ka ga rami. A Tourou jandarma ya tsayar da mu, ya zagaya motar da muzurai, ya tafi da goronmu a aljihu. Bazara ce, daji ya ƙone ƙurmus, shanun Fulani duk haƙarƙari a waje. Matansu na tallar wagashi, cukun nonon shanu, a bakin hanya, sun tsuga masa kuɗi, don nono ya yi wuya.

A Djougou muka ci sakwara da miyar gyaɗa a gidan dangin mahaifiyarmu. An karɓe mu da mutunci, sai dai da na ambaci Gwaggo kowa ya shiga gyaran murya. Daga nan muka ari kekuna muka kama hanyar daji.

A gidan Gwaggo wari ne ya fara yi mana maraba, tsami-tsami kamar ƙullun da ya kwana. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Ni mutum ne mai saurin hawa, ko ruwa ban sha ba na ce, "Gwaggo, mene ne wannan nake ji?"

"Sha ruwa tukuna, ɗana. Rami ba ya gudu."

Ta kai mu bayan gida ta yaye ganyen da ke rufe da wani rami. Yankakken karan dawa ne da ɓawon doya, farar fumfuna ta lulluɓe su kamar auduga. Ta ce wani ma'aikacin gona da gwamnati ta turo ne ya koya wa ƙauyen. Ana jiƙa karan, a barbaɗa masa ɗan tsohon da ya riga ya yi fari, a rufe. Fumfunar ita ke cinye taurin karan ta mai da shi zaƙi, har akuya ta iya ci. Ta gutsuro mini na tauna. Laushi gare shi, da ɗan gardi irin na raken da ya sha rana. Awakinta kuwa, su kaɗai na gani da ƙiba tun daga Parakou.

Matsalar daga bakin ma'aikacin ta fito. Ranar kasuwa, cikin alfahari, ya gaya wa jama'a cewa in aka bar zaƙin nan ya daɗe yana tsima, abin maye yake zama, kuma a Turai haka suke yi. Ba a jima ba gwamnati ta sake hannu, aka ɗauke shi, ya bar maganar a gari. Musulmin ƙauyen kowa ya cike raminsa, Gwaggo ta ƙi.

"Gaskiya ya faɗa," in ji ta. "Hanya ɗaya ce. Ni dai ina sauka kafin a kai can."

Sai ta gaya mini abin da ke hana ta barci. Ba gorin ba ne, ba kuma ƙin cin abincinta da ake yi ba. Matan da ke wankan gawa a ƙauyen sun aiko mata cewa ranar da ta cika, hannunsu ba zai taɓa ta ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tafi wurin liman da dunƙulen karan a hannu. Dattijo ne mai haƙuri, ya sansana, ya ɗanɗana, ya ce abin da ba ya sa maye ba haram ba ne, kuma shi zai sallace ta. Amma wanka na mata ne, zai yi musu wa'azi, ba zai iya kama hannun kowa ya tsoma a ruwa ba. Na wuce gidan babbarsu, wadda tare suka yi ƙuruciya da Gwaggo. Ta bar ni tsugune na gama bayanina, sannan ta ce, "Yaro, na girmi ubanka. Hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ta rufe ramin, magana ta ƙare."

Na dawo na roƙi Gwaggo ta rufe, ko ta bi mu Parakou. Ta ce kabarin mijinta na nan, ba inda za ta. Rami kuma in ta rufe shi yau, gobe za a ce ta tuba, wanda ya tuba kuwa ya yi laifi ke nan. Ba za ta sayi wanka da ƙarya a kanta ba. Ƙanena ya sunkuyar da kai yana hawaye, ni ma sai da na juya baya.

Da za mu tafi ta raka mu bakin hanya. Ta riƙe sirdin kekena ta ce, "Ka gaida Yaya, ka ce ya ci abinci. Matarka kuma, ka tambaye ta ko za ta koyi wankan gawa."

Komawa ba mu ga komai a hanya ba, ko mun gani ban riƙe ba. Baba ya saurare mu har ƙarshe, ya yi hamdala, ya ce a kawo tuwo. Abin da tafiyar nan ta koya mini ɗaya ne, kuma bai yi mini daɗi ba: mutum na iya zama da gaskiyarsa tsaf, liman ya shaida, amma ya rasa mai zuba masa ruwa.

Na isar wa matata saƙon ina jin nauyinsa. Ta ci gaba da tankaɗenta. Washegari ta ɗauki mayafi ta tafi wurin tsofaffin unguwa. Da ta dawo ta ce sun yarda su koya mata, amma gawa ba ta jiran kamyo daga Parakou, don haka in ta iya, in kai ta can ta zauna.