Ranar da Ƙasa Ta Haɗiye Mini 'Ya a Salaga

Assalamu alaikum. Jikata ce take karanta mini labaran da mutane ke aiko wa wannan fili, yau kuwa na ce ta zauna ta rubuta nawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don yawancin waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya.

Ni haifaffiyar Bawku ce. Mahaifina falken dabbobi ne, yana sayo shanu da tumaki daga ƙasar Mosi. Aure ne ya kawo ni Salaga, ana saura kaɗan Turawa su sauke tutarsu. Maigidana jikan fataken goro ne, amma a zamaninsa cinikin goro ya ja baya, sai ya koma sayen doya da hatsi yana loda wa motocin da ke zuwa Yeji su haye ruwa. Lokacin da abin nan ya faru ina da ƙuruciya sosai, da 'ya guda ɗaya wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, mai surutu da rashin zama wuri ɗaya.

A Bawku na saba da fili. Idan ka fita bayan gari kana hango mutum tun daga nesa, ƙasa a buɗe, duwatsu can gefe. Da na zo Salaga sai na ji kamar an rufe ni cikin tukunya, ga zaman gida, ga ciyawa ta kewaye gari, da damina har ta fi mutum tsawo. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya lura ina ramewa. Sai ya ɗauki wata al'ada da abokansa suka riƙa yi masa dariya a kai: kowace Juma'a bayan la'asar yakan fita da mu shan iska. Akwai wata siririyar hanyar ƙafa da ta fita bayan zango, unguwarmu ta Hausawa, ta wuce gindin wata tsohuwar kuka, ta ratsa cikin itatuwan kaɗanya har ta kai gonakin Gonjawa, 'yan asalin ƙasar. Hanya ce mai daɗin tafiya, ba hawa ba gangara, ko yaro ƙarami yana iya binta. Wani lokaci mukan gamu da malaman makaranta su ma da iyalinsu. Kullum shi ne a gaba, yarinyar a wuyansa, ni ina biye, kuma bai taɓa sauka daga kan hanyar ba ko da taku ɗaya. Ni na ɗauka tafiyarsa ce haka.

Na san Salaga garin rijiyoyi ne, don a cikinsu muke ɗiban ruwa. Abin da ban sani ba shi ne, bayan waɗanda ake amfani da su akwai tsofaffi ba iyaka a cikin daji, waɗanda aka haƙa tun zamanin da ayari ke cika garin, aka bar su ciyawa ta rufe bakinsu. Ba wanda ya taɓa gaya mini, ni kuma ban taɓa tambaya ba.

Wata Juma'a a farkon damina maigida ya bi mota zuwa Yeji da kaya. A makon ne ƙanwarsa ta zo mana ganin gida daga Yendi, inda take auren wani malami, da jaririnta a goye. Ita tun tana ƙarama gwaggonsu ta ɗauke ta zuwa Yendi, don haka ba ta fi ni sanin dajin Salaga ba. Da la'asar ta yi, yarinyata ta fara kuka wai ranar yawo ce. Maigida ya taɓa ce mini idan ba ya nan zan iya kai ta gindin kuka mu dawo, sai na ce wa ƙanwarsa ta zo mu miƙe ƙafa. Muka kai kukar muna hira, hirar ta yi daɗi, tana ba ni labarin zaman Yendi da yadda ta koyi Dagbanci, yarensu na can, sai muka zarce ba tare da mun yi shawara ba. Lokacin 'ya'yan kaɗanya ne, sun zubo a ƙasa ko'ina. Yarinyar tana tsinta tana kawo mini ina ƙulla mata a bakin gyale. Can ta zame hannunta daga nawa, ta ce ta hango manya a cikin ciyawa. Na ji lokacin da ta zame. Na ce a raina bari in ƙarasa maganar da nake yi sannan in kira ta.

Da na juya babu ita. Ba ihu, ba ƙarar faɗuwa, ba komai. Ciyawa kawai tana kaɗawa. Na kira sunanta da dariya, ina zaton ɓuya ta yi. Na sake kira, shiru. A kira na uku muryata ta canza, ni kaina ban gane ta ba. Ƙanwar mijina ta fara salati, ta ce ta sha jin ana cewa wurin nan akwai mutanen ɓoye, saboda bayin da suka mutu a nan a zamanin da. Na daka mata tsawa ta yi shiru, amma wallahi maganar ta shige ni, don ba yadda za a yi mutum ya ɓace a fili haka da rana tsaka. Na kutsa cikin ciyawar ina buɗawa da hannu biyu ina kira kamar mahaukaciya. Ban yi nisa ba ƙafata ta dama ta taka iska. Na faɗi da baya, Allah Ya sa na damƙi tushen ciyawa. Ina kwance a nan, sai na ji tari. Ba daga gabana ba, ba daga bayana ba. Daga ƙarƙashin ƙasa.

Na ja ciki na buɗe ciyawar. Rami ne, bakinsa bai fi na babbar randa ba, amma can ciki ya buɗe ya yi faɗi. Da farko duhu kawai na gani, sai da idona ya saba na hango farin idonta can ƙasa, nisan ya kai tsawon maza biyu. Tana tsaye cikin ruwa har ƙirji, ta rungume wata saiwa da ta ɓullo daga jikin ramin. Ta ɗago kai ta ce, “Mma, akwai sanyi.” Ba ta yi kuka ba. Wannan rashin kukan ya fi komai tsorata ni.

Na ce wa ƙanwar mijina kada ta kuskura ta shigo ciyawar, ta bi hanya da gudu ta nemo ko waye. Ta ruga da goyonta tana kururuwa. Ni kuma na kwance gyalena da ɗankwali na ƙulla su, na zura, ba su kai ba. Na ƙara da ɗamarar da na ɗaure ƙugu, bakin ƙyallen ya taɓa kanta. Na ce ta kama. Ta saki saiwar da hannu ɗaya, ƙafarta ta zame cikin laka, na ga ruwa ya rufe mata baki. Na ƙwalla ihu na ce ta koma ta riƙe saiwar, kada ta sake saki ko ni na ce ta saki. Ta koma ta riƙe tana tari. Duk motsin da na yi, ƙasar bakin ramin sai ta gutsure ta zuba mata a ka, dole na kwanta kamar gawa, bakina kawai ke aiki. Na yi mata waƙar da nake yi mata in za ta yi barci, na yi mata alkawarin ƙosai da sabon takalmi, na sa ta biya Fatiha iyakar inda ta iya. Can ta ce mini wani abu yana taɓa mata ƙafa. Na ce kwaɗo ne, kwaɗo ba ya cizo. Ban san ko mene ne ba, har yau ban sani ba. Na faɗa ne kawai.

Sai iska ta juya. Na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san hadarin farkon damina ba ya jira. Na dubi yadda ƙasar wurin ta ɗan gangaro zuwa bakin ramin, na gane duk ruwan da zai sauka nan zai bi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ban sake ji ba. Na yi niyyar in diro ciki, sai na tuna a kanta zan faɗa. Yayyafi ya fara sauka a bayana ɗaya-ɗaya, masu nauyi, ina jin kowane ɗigo kamar an ɗana mini wuta.

Ana cikin haka na ji muryoyi. Ƙanwar mijina ce ta dawo da wani manomi Bagonje da matarsa, ta gamu da su suna dawowa daga gona da itace. Mutumin bai shigo da gudu ba. Ya juya fartanyarsa yana caka ƙotar cikin ciyawa kafin kowane taku, kuma kafin ya iso gare ni ya nuna wa matan wani ramin dabam, dab da inda na bi da gudu ɗazu. Ya durƙusa ya leƙa, ya ce da irin Hausarsu, “Yaro yana da rai. Kar ka yi kuka.” Ya kwance igiyar itacensu ya gwada shiga, kafaɗunsa suka ƙi wucewa. Ya ce idan ya faɗaɗa bakin da fartanya ƙasa za ta binne ta. Matarsa mai jiki ce, ƙanwar mijina ga goyo. Sai duk suka dube ni, don a lokacin ni siririya ce kamar kara.

Matar ta naɗe mini zane ta cusa tsakanin ƙafafuna ta ɗaure tamau. Mijin ya ɗaure igiyar a idon sawuna, ya zagaya da ita jikin wata kaɗanya, su ukun suka riƙe. Lokacin ruwa ya sauko da ƙarfi. Aka zura ni da kai. Ba zan iya kwatanta muku ba. Jini ya taru mini a fuska, jan ruwa mai laka yana kwararowa ta bakin ramin yana shiga mini hanci, igiya tana yanka ƙafata, wurin yana warin ruɓaɓɓen ganye. Ina miƙa hannu ina laluba duhu, ban taɓa komai ba. Na yi ihu a ƙara, aka ƙara. Yatsuna suka shiga ruwa, na ji gashin kanta, ruwan ya kai mata haɓa. Na ce ta saki saiwar ta kama ni. Ta ƙi, don ni da bakina na hana ta. Sai na damƙi hannunta na hagu da hannuwana biyu na fizge ta, na yi ihu a ja. Na ji wani abu ya yi ƙas a kafaɗarta, a lokacin ne ta fasa kukan da ta riƙe tun ɗazu. Ban saki ba. Aka ja mu, duwatsun bakin ramin suka yage mini ciki da gwiwa, ban ma ji ba sai daga baya.

Manomin ne ya ɗauke ta a kafaɗa har gida cikin ruwan sama, ni kuma matarsa ta tallafe ni. Surukata ta aika aka kira mai ɗori, ya mayar da kafaɗar. Zazzaɓi ya rufe yarinyar, sai da aka kai ta asibiti aka yi ta yi mata allura. Ta daɗe ba ta magana, mai surutun nan, sai dai ta bi ni da ido. Ni kuwa da na rufe ido sai in ga ciyawa tana kaɗawa ba kowa a ciki.

Da maigida ya dawo na shirya wa faɗa, har na shirya wa abin da ya fi faɗa. Ya zauna kusa da yarinyar, sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ya ce shi tun yana yaro mahaifinsa ya nuna masa rijiyoyin nan, shi ya sa ba ya barin hanya. Ya ce ya ƙi gaya mini ne don kada tsoro ya hana ni jin daɗin fitar. Ban ga laifinsa ba, shi ma bai ga nawa ba, amma kowannenmu ya san abin da ya rage bai yi ba. Bayan sati ya tara samarin unguwa, da manomin nan a gaba, suka bi gefen hanyar suna cike waɗanda suka iya da duwatsu, sauran suka rufe da gumagumai. Zumuncin da ya shiga tsakanin gidanmu da na mutumin nan har 'ya'yanmu sun gada.

Yarinyar ta rayu, yanzu ita ma tana da jikoki. Ba ta tuna komai, sai dai hannun hagun har yau ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, kuma duk lokacin da na ga tana ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya sai in tuna ranar nan.

Ba na cewa kada a fita da yara shan iska, fitar tana da amfani, ni shaida ce. Abin da nake roƙo shi ne, idan kun je wurin da ba a nan aka haife ku ba, ku tambayi 'yan gari me ke gefen hanya kafin ku taka, ko da hanyar ta yi kyau, ko da kun bi ta sau da yawa a bayan wani. Ku kuma maza da kuka san inda haɗari yake, ku faɗa wa iyalinku, tsoron da za su ji ba zai kashe su ba, kuma ba kullum kuke nan ba. Ke kuma 'yar'uwata mai ƙaramin yaro, idan kin ji hannunsa ya zame daga naki, ki juya a lokacin. Maganar da na tsaya ƙarasawa ran nan, wallahi ko tuna ta ba na yi. Allah Ya tsare mana zuri'a.