Taurin Baba

Babana ɗan tauri ne. Tun yana saurayi a ƙauyensu can ƙasar Katsina aka dafa shi, kafin ya biyo motar goro ya sauka Abidjan. A tashar Adjamé ya fara dako, ya koma kamasho, har ya samu rumfarsa yana aika kaya gida. Duk tashar an san wuƙa ba ta cin sa. Ni ban taɓa ganin an gwada ba, amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin jininsa ba.

Da ƙafa ta gaza sai ya dawo wurina a unguwar Biafra, cikin Treichville, gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Ni ina wuni a teburin atamfata kusa da Adjamé Mairie, shi kuma 'yata ce abokiyar hirarsa in ta taso daga makaranta. Faransanci ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa sai a hankali. Yana ce mata amarya, tana ce masa tsoho.

A shekarar ce ta ƙirƙiro wani gari na ƙarya a tsakiyar lagun, ruwan da ya ratsa Abidjan, wanda sarkin ifiritai ke son ci da yaƙi. Aikinta kullum ta gina wa garin kariya ta sihiri, aikin Baba ya rushe. Nakan dawo da la'asar a gajiye in same su a kan tabarma ana shari'a.

Ta fara da ganuwar wuta. Baba ya ce, "A ƙasar da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya? Damina ɗaya ta ishe ta, amarya."

Ta koma ta ɓatar da garin daga idon kowa. Ya ce, "Layar zana ke nan, ba laifi. Amma mutanen garin suna soya kifi?"

Ta ce suna soyawa.

"To hanci zai kai maƙiyi har ƙofar ɗaki."

Ranar da ta zo da garin da ƙarfe ba ya shiga, ko takobi ko mashi, Baba ya gyara zama. Ina wanke shinkafa a bakin famfo, ina jin su.

Ya ce, "Wannan kam ta yi. Babu wadda ta kai ta ƙarfi. Sai dai ranar da aka haihu a garin, da me ungozoma za ta yanke cibiya?"

"Mais c'est magique, tsoho! Sihiri ne fa!"

"Asiri ba shi da ido. Bai san wuƙar maƙiyi da ta wanzami ba. Shi ya sa duk wanda ya ƙulla sai ya ajiye makari."

Sai ta ƙago wata tsohuwa mai riƙe da makarin. Ya ce, "In ta mutu fa?" Yarinya ta tura baki, ta ce tsohuwarta ba ta mutuwa. Ya yi dariya har da tari, ni ma na yi.

Baba yana da ƙaba tun zamanin dako, da ƙyalle yake ɗaure abarsa, ba ya son a yi zancenta. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci a duƙe, yana amai. Muka kai shi wani asibiti nan Treichville. Likitan matashi ne, ya taɓa cikin, ya juyo ya ce min, "Madame, hanji ya shaƙe. Yau za a yi aiki, ba gobe ba."

Na fassara wa Baba. Ya ce ba za a yi ba sai an karya taurin.

Na nuna masa allurar ƙarin ruwa da ke hannunsa, na ce, "Baba, wannan katako ce?"

Ya ce, "Wannan tsini ne. Nawa na kaifi ne."

Ni mai saurin fushi ce, duk gidanmu an sani. Na yi faɗa, na yi roƙo, na durƙusa. Ya ce wuƙar kaucewa za ta yi ta komo kan hannun yaron likitan nan, shi kuwa ba zai je kabari da alhakin ɗan mutane ba. Na ɗauko malamin da ke koyar da yara a unguwarmu, wanda Baba ke jin maganarsa. Malam ya ce, "Alhaji, cuta da magani duk na Allah ne, ka bari a yi." Baba ya ce, "Gafarta malam, kai karatu ka sani. Ni na san abin da na sha."

Wanda ya dafa shi ya daɗe da rasuwa, amma aka ce ɗansa ya gaji makarin, wata saiwa ce da ake jiƙawa a sha. Aka buga waya gida, aka nemo shi, aka ba wani direba saƙon. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan ya san nisanta da yawan iyakokinta. Ina kiran direban safe da yamma, yana cewa, "Muna tafe, Hajiya." Likita yana wucewa ya dube ni, ya dubi gadon, ya wuce.

Da Baba ya daina gane mutane, na sa hannu aka shiga da shi. Likita ya fito ya ce an makara, hanjin ya riga ya mutu. Tambaya ɗaya na yi masa, ko wuƙar ta shiga. Ya yi min kallon wadda ta zautu, ya ce, "Mais oui, Madame. Normalement," wato ta shiga kamar yadda take shiga jikin kowa. Washegari kafin azahar Baba ya cika.

Ban yi kuka ba. Matan gidan suna ta yaba tawakkalina, ni kuwa ba tawakkali ba ne, ban ji komai ba ne kawai. Na dafa wa baƙi abinci, na amsa gaisuwa, na wanke ƙyallen da yake ɗaurawa na shanya kamar zai nema.

Bayan an watse makoki direban ya kira, ya ce ya iso. Na hau gbaka, ƙaramar motar haya, zuwa Adjamé. A tashar ana ta ihun neman fasinja kamar kullum. Ya miƙo min ƙunshi a baƙar leda, yana warin gas da daddawa, ya yi min ta'aziyya. Tsofaffin 'yan dako suka kewaye ni. Ɗayansu ya ce, "Allah ya ji ƙan namiji. Har ya koma ga Allah ƙarfe bai taɓa cin sa ba." Na ce amin. Ƙunshin yana ƙasan akwatina har yau, ban kwance ba.

Da na dawo na tarar da 'yata a kan tabarmarsu ita kaɗai. Tun rasuwar ba ta sake zancen garinta ba. Na zauna bakin murhu, ta zo ta tsaya a kaina.

"Mama, wuƙar ta shiga?"

Na ce, "Ta shiga."

"Da sauƙi?"

"Da sauƙi."

Ta tsaya tana jiran in ƙara wani abu. Sai na ce ta miƙo min wuƙa in yanka albasa.