Ai Naka Ne, Baba

Mutumin da ya yi mini wannan aiki ya daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙansa, kuma na yafe masa tun yana da rai. Amma hucewa kam ban huce ba. Har yau in na tuna sai na ji na yi tsaki ni kaɗai, jikokina su waiwayo suna tambayar ko lafiya.

Lokacin ina malamin daji a Tudun Wada, Turawa ba su tafi ba tukuna. Aikina yawo a kan keke tsakanin Tudun Wada da Doguwa, in ga wanda ya sare itace ba izini, in ga wanda ya sa wa daji wuta. Ina da mata, da 'ya ɗaya, da garmaho. Garmahon na hannu ne, na sayo shi a Kano: baƙin akwati, ka wana shi, ka sa allura, ka ɗora faifai. Abokan aikina suna tara manyan riguna, ni ina tara faya-fayai. Ba kuwa kowane tarkace ba. Tsohon kiɗa nake nema, taushi da kotso da goge da garaya, irin wanda aka gada. Sababbin nan na 'yan birni ko kyauta aka ba ni sai in ce a kai kasuwa.

Akwai take guda da na fi nema. Mahaifina maharbi ne a ƙasar Doguwa, ya rasu ina ƙarami. Ban riƙe fuskarsa sosai ba. Abin da na riƙe shi ne in ya kwana uku a daji ya dawo da babban nama, wani mai garaya kan zo ƙofar gidanmu ya kaɗa masa taken maharba, shi kuma ya tsaya da bakansa a kafaɗa yana saurare. Wannan taken nake so in samu a faifai, in ajiye a ɗakina.

Faifan farko mai kantin da na sayi garmahon ne ya ba ni. Ya rantse babu kamarsa, kowa shi yake saye. Na zo gida na ɗora. Haba! Taken ne, amma mai garayar gudu yake yi sai ka ce an biyo shi da sanda. Daga baya na ji wai faifai ba ya ɗaukar dogon kiɗa, shi ya sa aka ce masa ya yi sauri, shi kuma ya yarda. Wane irin makaɗi ne za a ce ya gaggauta taken maharba ya ce to?

Na biyu wani abokina direban lori ya kawo mini. Yana bin hanyar Kano zuwa Zariya, mukan haɗu a Kwanar Dangora. Shi ma da tasa rantsuwar, wai in na ji wannan zan jefar da na farko a rijiya. Gaskiya mai wannan yana da hannu, bai kuma yi gaggawa ba. Ina cikin jin daɗi, ana tsakiyar take, sai kawai na ji ya saki maharba ya kama wasa wani attajirin gyaɗa. Attajirin gyaɗa! Mutumin da ko zomo bai taɓa kora ba. Na ɗage allura na zauna ina huci, matata tana leƙe tana dariya.

Wanda ya sa ni a hanya wani tsohon wanzami ne da yake yi mini aski ran Juma'a. Bai taɓa mallakar garmaho ba, amma kunne gare shi, ya yi yawon duniya ya ji makaɗa. Na ɗora masa duka biyun a zaurena. Ya saurara ido rufe, sannan ya ce, "Malamin daji, an cuce ka sau biyu. Akwai na uku."

Ya ce mai garayar nan na ƙasar Doguwa, shi ɗin dai da yake zuwa ƙofar gidanmu, an taɓa ɗaukarsa a mota aka kai shi Kano ya yi faifai guda. Bai daɗe da dawowa ba ya rasu. Faifan bai yi kasuwa ba, don mutanen birni sun ce kiɗan ya cika sanyi.

Damina biyu ina nema. Ba wanda ban tambaya ba: direbobi, fatake, malaman makaranta, 'yan koli. Kowa ya san wani da ya san wani. Ran nan na taka keke har Bebeji don an ce wani mai shayi yana da shi, na isa jiƙe sharkaf, aka ɗora mini kalangun 'yan mata, mai shayin yana ta murmushi yana jiran in yaba. A ƙarshe a tashar jirgin ƙasa ta Dangora na same shi, wurin wani akawu mutumin kudu da ko Hausar kirki ba ya ji. Yana cikin tarin faya-fayansa, ya ce sau ɗaya ya ɗora ya ga ba na rawa ba ne ya ajiye. Da ya ga na matsu sai ya ƙi sayarwa, sai dai musaya. Na koma gida na kwaso, faya-fayai biyar ya zaɓa cikin nawa, har da wani goge da nake ji da shi, na kuma ƙara masa da goran zuma. Na naɗe faifan da rawani na cusa cikin riga. Duk inda hanya ta yi gargada sauka nake yi in tura keken.

Ran Juma'a na kira wanzami. Muka ɗora na farko, muka ɗora na biyu, sannan na sa sabuwar allura na ɗora na uku. Kafin a fara kiɗa ana jin tsohon ya gyara murya. Sai ya taɓa tsirkiya sau ɗaya ya dakata, har ka ce garmahon ne ya tsaya, sannan ya shiga a hankali, irin takun mai bin sawu. Ba ya wasa kowa. Can wajen ƙarshe yakan saki tsirkiyar ya bugi ƙoƙon garayar da yatsa sau uku, abin da na mance ɗungum sai da na ji shi. Wallahi sai na ga ƙofar gidanmu, na ga mahaifina tsaye. Wanzami ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya ce, "Shi ne." Daga ranar na kafa doka: ran Juma'a kaɗai za a ɗora shi, kowane ɗori da sabuwar allura, kuma ba mai taɓa shi sai ni.

Juma'a bakwai na samu.

Surukina, mahaifin matata, dattijo ne manomi a Yako, mutumin kirki, ba ruwansa da kowa. Ya zo Tudun Wada ta'aziyya, ya sauka gidan wani amininsa, da hantsi ya biyo ya ga jikarsa. Na shimfiɗa masa buzu a zaure, na tsuguna can gefe kaina a ƙasa. Bayan gaisuwa sai ya ce, "An ce kana da akwati mai waƙa."

Da na yi hankali da na ɗora masa na attajirin gyaɗa ya ji ya tafi. Ina! Ni uban iyayi sai na kwaso duka ukun, ina bayani, wannan ya yi sauri, wannan ya yi ƙari, wannan kuwa, Baba, babu irinsa a ƙasar Kano. Ba ma Juma'a ba ce, na karya dokata da kaina. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Ya miƙo hannu, na miƙa masa da hannu biyu. Ya juya shi, ya ɗaga shi wajen haske, ya ce, "Kai! Wannan abu ya yi kyau."

To, kowa ya san abin da ake cewa. In babba ya yaba kayanka, sai ka ce nasa ne, shi kuma ya sa maka albarka ya bar maka abinka. Haka aka yi wa rigata, haka aka yi wa kekena, ba wanda ya taɓa tafiya da su. Bakina ya buɗe da kansa.

"Ai naka ne, Baba."

"Madalla," in ji shi. "Allah ya yi maka albarka." Ya zura faifan cikin aljihun babbar rigarsa.

Ya miƙe ya yi sallama. Na raka shi har bakin hanya ina kallon aljihun nan yana lilo, ina cewa a gai da gida. Mutumin da ba shi da garmaho! A Yako kaf ba mai garmaho a lokacin. Me zai yi da shi?

Na dawo na tasa matata a gaba. Ta ce, "Malam, ni na ce nasa ne?" Na ce ta je ta karɓo. Ta riƙe baki, ta ce ita ta je ta ce wa mahaifinta mijinta ya yi kyauta ya dawo yana kuka? To a ina za ta sa fuskarta, ni kuma a ina zan sa tawa? Gaskiyarta ce, shi ya sa abin ya ƙara ba ni haushi. Wanzami da ya ji, askin ma kasa ƙarasawa ya yi don salati. Ya ce, "Da ka ce masa na aro ne." Sai a lokacin dabara take zuwa wa kowa.

Wata biyu ina juyi. Sannan na samo hanya: zan kai garmahon Yako, wai don Baba ya ji abinsa. Ko ba a ba ni ba, na dai ji shi, na ga lafiyarsa. Na ɗaure akwatin a bayan keke, na sayi goro. Tun a hanya na yanke shawara, in ya kuskura ya yaba garmahon, tari zai kama ni har sai an canja magana.

Na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, da dattawa uku. Ya yi murna ƙwarai. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ce, "Ka ga ikon Allah! Ai da ma aiko maka da shi zan yi. Ni me zan yi da shi ba akwati? Na ce dai ba zan mayar maka da kaya da datti ba."

Ya shiga gida ya fito da shi naɗe a cikin farin ƙyalle, ya warware a hankali. Faifan sai sheƙi yake yi.

"Na duba na ga duk jikinsa zane-zane ne, ƙura ta cika su," in ji shi. "Ban yarda mata su taɓa ba. Ni da kaina na samo yashi mai laushi da toka, na zauna na goge shi kamar tasa, gaba da baya. Kwana biyu na yi a kai. Sannan na shafa masa man shanu. Taɓa ka ji."

Na taɓa. Sumul.

Dattawa suka ce a ɗora su ji. Na wana, na sa allura. Allura ta zame fuu daga baki har tsakiya. Na sake, ta sake zamewa. Na uku na ɗan danna ta da yatsa, sai shuu, shuu, ba tsirkiya, ba gyaran murya, ba komai. Surukina ya matso da kunne, ya jima, sannan ya dube ni da tausayi.

"Ɗana, akwatin nan naka ya gaji da hanya."

Ina tsugune, idona a ƙasa. Dattawa uku suna jiran amsata. Na ce, "Haka ne, Baba." Ya naɗe mini faifan da kyau ya ce in akwatin ya huta in ji, na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Godiya fa na yi! Har da cewa Allah ya saka da alheri.

Na sake nema, shekara da shekaru, ban ƙara cin karo da wani ba. Wanzami ya rasu. Surukina har ya koma ga Allah in mun haɗu yakan tambaye ni ko akwatin ya warke, in ce da sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai daga baya ya zo. Da na rasa na ukun sai na riƙa ɗora na biyu, ina ɗage allura kafin a kai ga attajirin, wai ko na rage zafi. Na yi ta yi har kunnena ya saba. Yanzu in na zauna na ce bari in raira taken mahaifina a zuci, nakan fara daidai, a hankali, in ga ƙofar gidan. Ina kaiwa tsakiya sai in ji bakina yana wasa attajirin gyaɗa.