Malam Haruna, Mutumin Buzuzu

Ina gona ina fasa busasshen kashin shanu da fartanya, ƙanena ya iso a kan mashin ya ce Malam Haruna ya rasu a Gwandu, har an kai shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban samu jana'iza ba. A ranar ne kuma muka yi da shi zai zo Kalgo mu tafi wurin Arɗon Fulani tare.

Malam tsohon malamin gona ne, ni kuwa ko firamare ban gama ba. Buzuzu ne ya haɗa mu. Wata damina ya tarar da ni a tsugune ina kallon wani buzuzu yana tura dunƙulen kashi da ƙafafun baya. Bai yi dariya ba. Ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna, ya ce, "Ɗana, wannan mai mirginawa ne. Akwai ɗan'uwansa mai haƙa rami a ƙarƙashin kashin, akwai malalacinsu mai zama a ciki. Gida guda sunka fito, sana'a ta raba su." Ya tono dunƙulen da macen ta binne, ya ce ƙwai ɗaya ne a ciki, tsutsar za ta ci gidanta ta girma. Sannan ya mayar ya rufe da hannunsa kamar mai shuka.

Mu a Dangoma, nan ƙasar Kalgo, bayan girbi Fulani kan sauka a gonakinmu har ruwan farko, shanu su bar mana taki, buzuzu ya shigar da shi ƙasa. 'Yan shekarun nan sai kashin ya zauna a sama ya ƙandare kamar marfin tukunya. Na faɗa wa Malam buzuzu sun yi ƙaranci. Ya bi ya gano allurar tsutsar ciki da ake wa shanu kafin su tashi daga gonakinmu ce ke fita a kashi tana kashe 'ya'yan buzuzu. "Ban ce a daina ba," in ji shi, "saniya ma rai ce. A bari dai sai sun bar gonaki."

Ya faɗa a kasuwa, ya faɗa a ƙofar masallaci. Abin da ya samu kawai suna ne: Malam Buzuzu. Ko a zaman makoki na ji wani dattijo na cewa, "Allah sarki, mutumin kirki, sai dai wasa da kashi."

Bayan addu'ar uku na tafi wurin Arɗo ni kaɗai, na roƙe shi a jinkirta allurar. Ya saurare ni tsaf, ya sa aka kawo mini nono, sannan ya ce, "Samari, in saniyata ta rame, buzuzunka za ka tatso min?" Da Malam ne, ya san abin da zai ce masa. Ni na shanye nonon na taso. An yi allurar, shanun kuma suna gonata.

Allah ya jiƙan Malam Haruna, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwancinsa. Allah ya ba matarsa Inna Hajara da 'ya'yansa haƙuri, ya tsaya musu. Ni kuma Allah ya ba ni bakin da za a saurara kafin wata daminar. Amin.