Karfasar Adila a Bangon Umara

Umara Zarami ya shekara talatin da huɗu yana gyaran rediyo a wani ɗan shago da ke bayan 'yan kifi a Haɗeja. Kakansa daga bakin Tafkin Chadi ya zo, kuma har yau in dalma ta ɗiga masa a yatsa da Barbarci yake mita. Akwai ɗabi'a guda da kowa ya san shi da ita: duk abin da ya cire daga kayan mutum, ko da ƙonannen kondensa ne, ɗan mitsitsin kayan cikin rediyo, sai ya naɗe shi a takarda ya miƙa masa.

"Naka ne," haka yake cewa. "Ban san me zai yi maka ba, amma naka ne."

Autarmu Adila ta fara zuwa shagonsa a hutunta na farko daga makarantar da take karatun aikin lantarki. Ta kai masa 'yar fitilar leza ja, irin wadda ake maƙalawa a makulli, ta ce tana so ta yi zane da ita a bango.

"Injiniya, gawayi ya ƙare ne a gidanku?" ya tambaye ta.

"Baba Umara, ka ara mini tebur da ƙarfen dalma kawai. In ya yi kyau sai mu ce kai ka yi."

Abin da suka haɗa ba shi da wuyar fahimta. Ƙananan lasifika biyu ne, kowace an manna mata ɓallin madubi. Hasken leza yana faɗa wa madubi na farko, ya koma na biyu, ya sauka a bango. Kowace lasifika tana da nata allon da ke sa ta karkarwa, wanda suke kira osileta. Madubi ɗaya yana kaɗa hasken hagu da dama, ɗayan sama da ƙasa. In saurin biyun ya dace da juna sai ɗigon ya zama zane ya tsaya. In bai dace ba, sai ka ga tamkar zare ya harɗe.

Hutu uku suka yi a kai. Kayan duk daga matattun rediyoyin da ke ƙarƙashin teburinsa suka fito. Da rana tsaka suke gwaji a ɗakin bayan shagon, su toshe taga da buhun shinkafa. Umara yakan aro kaskon turaren wutar matarsa don a ga hanyar hasken cikin hayaƙi, yana ta gargaɗin kada kowa ya sa ido a gabansa. Sun sami da'ira, sun sami mai kama da lamba takwas. Ranar da madubi ɗaya ya kaɗa sau uku a daidai lokacin da ɗayan ya yi biyu, kifi ya fito, da kai da wutsiya, yana ɗan juyi a hankali. Adila ta ce karfasa ce. Umara ya ce bai taɓa ganin karfasa mai rama haka ba.

Na ga karfasar sau ɗaya. Mahaifiyar Adila, matata Saude, ba ta gani ba, domin Adila ta ce sai an yi wa na'urar akwati tukuna. A ƙarshen daminar nan Adila ta kwanta da zazzaɓi. Kwana tara ta yi, Allah ya karɓi abarsa. Shekarunta ashirin da biyu.

Umara ya zo gaisuwa, bai ambaci na'urar ba. Ya lulluɓe ta da tsohon zane ya ajiye a saman kantar shagonsa.

Bayan wata bakwai, muna karyawa, Saude ta ce, "Malam, ina so in ga kifin nan."

Na je na gaya masa. Ya ce in ba shi kwana biyu ya kimtsa ta, ba zai yiwu uwar yarinya ta ga aikin 'yarta cikin ƙura ba. Ya yi mata akwatin katako, ya goge madubai, ya sake liƙa wayoyi. A kan allo na biyu ya tarar da wani tsohon kondensa mai baƙin gefe, an ɗora shi a karkace a kan wani. Kamar kowane mai gyara, ya cire su ya sa sabo guda mai lambar da ta kamata. Da na biyo ta shagon, ya miƙo mini ƙullin takarda yadda ya saba. Na kai gida na ba Saude ba tare da na buɗe ba.

Ana gobe za mu je, ya kira ni a waya. Na same shi a ɗakin baya yana murɗa maɓalli. A bango ba komai sai harɗaɗɗen zare.

"Malam, kifin ya tafi," ya ce.

Na gaya wa Saude cewa akwatin bai bushe ba. Mako guda Umara ya yi bai karɓi aikin kowa ba. Wani mai keke-napep ya zo sau uku neman rediyonsa ya koma. Umara ya canza batir, ya canza lasifika, ya mayar da ta da. A rana ta bakwai na iske shi zaune, hannuwansa a kan gwiwa.

"Ta taɓa ce mini kada in taɓa wannan tsohon," ya ce. "Na ɗauka tsokana ce, don ni take kira tsoho. Ashe guda goma sha wani abu ta gwada kafin ta sami wanda ya kai saurin inda take so. Ni kuma na ga muninsa na gyara mata." Ya ɗago kai. "Takardar da na ba ka, Malam. Don Allah kada ka ce an share."

Ban sani ba. Na koma gida na tambayi Saude. Ta shiga ɗaki ta buɗe kwallar da ta ajiye 'yan kunnen Adila da katinta na makaranta. Ƙullin yana ciki.

Umara ya mayar da tsofaffin kondensan biyu yadda suke, ɗaya a kan ɗaya, a karkace. Sau biyu ya sake duba liƙin kafin ya ajiye ƙarfen dalma.

Ranar Asabar da hantsi muka je. Ya shimfiɗa wa Saude darduma, ya toshe taga, ya kunna. Zaren ya warware a hankali, ya naɗe, ya tsaya. Jar karfasa tana juyi a bangon siminti.

Saude ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Tun tana firamare haka take zana kifi. Kai ƙato, wutsiya kamar ta aro."

"Hajiya, na gaya mata," in ji Umara. "Ba ta ji ba."

Saude ta yi dariya, ta share ido da bakin mayafinta, ta ce a bar shi ya ƙara juyawa.

Da za mu fita na ga Umara yana naɗe sabon kondensan da ya cire a takarda. Na miƙa hannu, don na saba. Ya girgiza kai ya sa shi a aljihu.

"A'a, Malam. Wannan nawa ne."