Burodin Kajin Inna

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Laraba, 13 ga Sha'aban 1446, daidai da 12 ga Fabrairu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran surukata, Hajiya Mu'minatu, matar marigayi Malam Zainulabidin, a gidanta da ke Dutse, bayan zazzaɓin kwana uku da ita kanta ta ce ba wani abu ba ne. Ina ofis waya ta same ni. An kai ta makwancinta bayan sallar la'asar.

Inna, shekara goma sha ɗaya ina auren ɗanki, Abban Marwa, muna gida ɗaya da ke, yau ne karo na farko da sunanki ya fito daga hannuna, kuma ko a nan sai da alƙalamin ya yi mini nauyi. Manya sun riga sun faɗi alherinki a zaman makoki. Sun ambaci matan unguwa da kika koya wa karatu a tsakar gida shekara da shekaru, da auren da kika sha gyarawa ba tare da kowa ya ji ba. Ni abin da zan faɗa ƙarami ne, har wani zai iya yi mini dariya, don zancen kaji ne da burodi. Sai dai a cikinsa akwai haƙƙinki da na ɗauka a wuyana shekara huɗu, ban sauke ba har aka fita da ke.

Duk wanda ya san gidanmu ya san akurkin da ke bayan ɗakin girki, gindin bishiyar darbejiya. Kajinki ba su taɓa wuce ashirin ba, amma hidimar da kike yi musu ko mai gona sai haka. Ba kya iya ganin abinci a ƙasa ki wuce. Kin ce alkamar nan wani ya noma ta, wani ya niƙa, wani ya tsaya gaban wuta, ba za a ƙare da ita a juji ba alhali akwai mai rai da ke nema. Shi ya sa kika ƙulla da maƙwabciyarmu Liyatu, Maman Becky, mutuniyar Filato da ke da shagon kayan shayi a bakin layinmu. Duk burodin da ya kwana biyu bai shiga ba, ta kan ajiye miki.

Ba haka nan kike watsa musu ba. Sai kin zauna a kan tabarma kin kwance kowace leda, kin duba, kin sansana. Wanda ya fara fumfuna, ko da ɗigo ɗaya ne, a rami kike binne shi. Mai kyau ki yayyanka, ki shanya a faifai a kan rufin ɗakin girki har ya bushe ƙayau. Da safe tsaki da dusa ne abincinsu. Sai yamma ta yi, sun gama kiwonsu, sannan ki jiƙa cikin tafi biyu ki cakuɗa da dusa ki ba su. Na taɓa tambayarki dalilin wannan rowa, ga burodi cike da buhu. Kika ce burodi alawar kaji ce, wadda ta cika ciki da shi sai ta yi ƙiba ta daina ƙwai, kamar wasu ma'aikatan gwamnati da kika sani. Kina faɗa kina kallona ta wutsiyar ido, na sunkuyar da kai ina dariya.

Da kajin nan kika riƙe zumuncin unguwa guda. Ba a yi haihuwa a layinmu mai jego ba ta sha romon kazarki ba. Marar lafiya ƙwai biyar a ƙullin mayafi. Duk jikan da ya yi wayo sai kin damƙa masa 'yar budurwar kaza kin ce ya riƙe da kyau, wata rana za ta zama akuya. Ta 'yata Marwa ba ta zama akuya ba, a tukunya ta ƙare ranar da yarinyar ta sauke izu biyar, kuma ke kika fi kowa cin dariyar abin. Maman Becky kuwa kowace Kirsimeti zakaranta na nan a ware, ba wanda ya isa ya taɓa shi. Hatta kajin maƙwabta sun san lokacin burodi, suna tsallako katanga, ba ki taɓa korarsu ba. Kin ce albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko, balle 'yar uwarta.

Da daminar shekara huɗu da suka wuce 'yarki Afra'u ta haifi tagwaye a Garki, kika shirya za ki yi mata sati uku. Ranar tafiya kika kira ni bakin akurki kika nuna mini komai dalla-dalla, kika maimaita zancen fumfuna har sau biyu. Na ce to, Inna. A raina kuwa cewa nake, ni da digirina, kaji ne za su gagare ni? Kazar da ke tonon bola ce za a tsaya yi wa binciken burodi?

Satin farko na yi yadda kika ce. Na biyu aiki ya yi mini yawa a ofis, ruwa kuma kullum, babu ranar shanya. Ledojin da Maman Becky ta aiko suka kwana biyar a ƙulle a lungun ɗakin girki. Da na buɗe, burodin ya yi kore, wani ma ya yi baƙi, yana wari. Na tuna maganarki sarai, ba zan ce na manta ba. Ganda ce kawai ta hana ni haƙa rami. Na juye shi duka a bokiti, na zuba ruwa, na kife musu, suka yi ta wawaso, ni kuma na wuce ɗaki ina ganin na huta da tsaki na kwana biyu.

Kwana uku tsakani kaji biyar suka mutu, har da wake-waken nan da kike ji da ita, wadda ba ta taɓa ɓata ƙwai a kwanci ba. Ko burodin ne, ko wata cuta ce ta zo daidai, Allah ne masani. Ni dai na san abin da hannuna ya yi. Abban Marwa yana Kano wajen kwas, ban gaya masa ba, a wannan rubutun shi ma zai fara gani. Ranar kasuwar Shuwarin na ɗauki uzuri a ofis, na yini ina zaga 'yan kaji, ina zaɓe da launi: ja biyu, fara ɗaya, baƙa ɗaya, da wata wake-wake. Na dawo da su a adaidaita sahu, na zuba a akurki, na wanke hannu. A wautata, kaza kaza ce.

Da kika dawo, ko mayafi ba ki cire ba kika nufi bayan ɗakin girki. Kika yi musu kiran da kika saba, suka sheƙo a guje, ban da biyar da suka tsaya can gefe suna kallon ki. Ni ina bakin ƙofa ina leƙe. Kika daɗe a tsaye. Sannan kika juyo kika ce, “Sannu da ƙoƙari, Maman Marwa. Allah Ya yi miki albarka.” Shi ke nan abin da kika faɗa. Na koma ɗaki ina hamdala, wai na sha.

Ban sha ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma haka na zauna shekara huɗu. Duk ranar da kika zauna duba burodi, sai in nemi wani aiki a ɗaki. Ba mutuwar kajin ce ta fi ci mini rai ba. Amana kika ba ni na ci, na kuma rufe da yaudara, kika saka mini da albarkar da ban cancanta ba. Kowace shekara idan azumi ya gabato ina zuwa in durƙusa in ce, Inna a yafe mana, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Ki ce kin yafe, mu ma mu yafe miki. Amma na san wannan yafiyar jimla ce, ban taɓa kiran laifin da sunansa ba. Bana na yi niyya tsakanina da Allah cewa daren farko na azumi zan faɗa miki komai. Saura sati biyu da 'yan kwanaki kika tafi.

Kukan da na yi ranar nan, mutane sun ɗauka na rabuwa ne kawai. Har da shi, amma akwai tsoro a ciki. Mun taso muna ji a bakin malamai cewa haƙƙin ɗan Adam sai mai shi ya yafe, ga shi mai shi ta yi nisa.

Ranar uku, bayan mutane sun ragu, na zaga bayan ɗakin girki don in ba kajin ruwa. Sai ga Maman Becky ta biyo ni, idanunta sun kumbura. Ta ce, “Maman Marwa, akwai saƙonki a wurina, Mama ta ba ni tun shekara huɗu.”

Ta ce washegarin dawowarki daga Garki kin je shagonta kin zauna a kan benci, kin ce mata kajinki biyar sun tafi, an kawo baƙi, kin kuma ga ledojin a bayan akurki. Ita ma ashe ta ga saukata daga adaidaita sahu da kaji. Sai kika ce mata: “Yarinyar nan rana ta sha a kasuwa don kada raina ya ɓaci. In na nuna na gane, kunya ba za ta bar ta ta ƙara zama kusa da ni ba, ni kuwa na fi son ta da kaji. Ki zama shaida, na yafe mata duniya da lahira. In na riga ta tafiya ki faɗa mata. Kafin nan ki riƙe bakinki.”

Na zauna a ƙasa a wurin. Maman Becky ta zauna kusa da ni, muka yi ta kuka mu biyu, ba mai ba wani haƙuri. Shekara huɗu ina ɓoye miki abu, ashe ke ce kike ɓoye mini wanda ya fi shi girma. Ina tuna duk ranakun da kika tura Marwa ta kira ni mu ci tuwo kwano ɗaya, da ranar da na yi ɓari kika kwana uku kina gasa mini jiki, duk kina sane. Ban taɓa ganin alama a fuskarki ba, ko sau ɗaya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki, Yaya Muhyiddeen da Abban Marwa da Afra'u, da ƙaninki Kawu Ɗan'inna na Kafin Hausa, da jikokinki, da ɗalibanki mata da suka rasa malama. Ina yi wa Maman Becky ta'aziyya ta musamman, ita da ta riƙe amanar da ni na kasa riƙe irinta. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Ya Allah, Ka jiƙan Inna, Ka haskaka kabarinta, Ka yalwata shi, Ka haɗa ta da Malam a Aljannar Firdausi. Ya Ubangiji, baiwarKa ce mai rauni kamar kowa, ba za ta rasa nata kurakuran ba. Ni shaida ce ta ga laifina ƙiri-ƙiri ta rufa mini asiri, ta kuma yafe tun ban buɗe baki na roƙa ba. Ka yi mata yadda ta yi mini.

Raihana (Maman Marwa), Dutse